Daga Zauren Zango: Majigin da ba akta, ba bos

A fitowar da ta wuce na yi alkawarin cewa wannan karo za mu tattauna a kan tsadar kayan aure, kuma na ga wasiƙun da wasunku suka aiko daga Yendi da Bawku game da haka, na gode ƙwarai. To amma sai ku yi mini haƙuri, alkawarin nan sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu, domin wani abu ya faru a gidan ƙanwata a Salaga wanda ya tsaya mini a rai, in kuwa ban fitar da shi a wannan fili ba, ba zan sami sukuni ba.

Ƙanwar tawa ɗanta namiji guda ne, kuma tun yana ƙarami ba shi da zance sai na hoto. Da ya gama sakandare ya tafi Ankara koyon aikin fim. Duk wanda ya san gidan ya san da kuɗin koko da ƙosai aka yi wannan karatu, shekara uku uwarsa tana tashi tun kafin kiran assalatu tana hura wuta. Da ya dawo gida hutu sai ya ce ya zo da aikinsa na gama karatu, yana so ya nuna wa mutanen unguwa. Murna ta cika gida. Bayan sallar isha'i aka rataya farin zanen gado a jikin katanga, aka aro benci, yara suka baje a tabarma daga gaba, mata suka tsaya daga bakin ƙofar ɗakuna, ni da dattawa aka ba mu kujeru.

Fim ɗin minti goma sha takwas ne. Ya fara da bakin ɗaya daga cikin tsofaffin rijiyoyin nan da garin ya yi suna da su, sama tana rawa a cikin ruwa, sai guga ya sauka ya tarwatsa ta. Daga nan sai hannuwan wata tsohuwa tana ɓare goro, ba a nuna fuskarta ba. Sai zare yana shiga yana fita a masaƙa. Sai ƙurar babbar mota a tasha, hasken la'asar ya ratsa ta har ta koma kamar hayaƙin turare. Ba wanda ya yi magana daga farko har ƙarshe, abin da kunne yake ji kawai ƙarar igiya ne, da kukan tumaki, da kiran salla can nesa. Ba a kai minti biyar ba wani yaro ya ɗaga murya ya ce, "Ina aktan?" Wata mata daga baya ta ce, "Wai an fara ne, ko har yanzu gwaji ake yi?" Da allon ya yi duhu aka yi tsit, sai wani dattijo kusa da ni ya gyara zama ya ce, "To madalla, yanzu sai a sa mana fim ɗin." Aka fashe da dariya. Yaron ya sunkuyar da kai yana naɗe waya. Da mutane suka watse ƙanwata ta same ni a zaure ta ce, "Yaya, ka gaya mini gaskiya, abin da na yi shekara uku ina shan hayaƙi a kansa ke nan?"

Ban ba ta amsa a daren ba. Amma dattijon nan da ya sa aka yi dariya shi ya fi tsaya mini a rai, saboda na san sana'arsa. Mai aikin riga ne, ya haura shekara arba'in yana ɗinkin hannu, kuma a daren ma babbar riga ce a jikinsa mai aska takwas, da tambari a ƙirji kamar zai yi magana. Washegari na bi shi rumfarsa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, jiya ka ce ba ka ga fim ba saboda ba labari. To rigar nan taka, labarin me take bayarwa? Wane ne akta a cikin aska takwas?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, kai ma da neman magana kake. Riga ai ba labari ake nema a jikinta ba. Kyau ake nema." Na ce to ai abin da yaron nan ya nema ke nan. Ya yi shiru yana zare allura, sa'an nan ya ce zai ba ni amsa amma sai na sha shayi. Zan kawo muku amsar tasa nan gaba, domin ba ta wasa ba ce.

Kafin nan, ya kai mai karatu, dubi kewayenka. Mu mutane ne da idonmu ya saba da zane wanda ba ya kwaikwayon komai. Je ka Yendi ranar Damba ka tsaya a ƙofar fadar Ya-Na, ka ga mai rawa ya juya batakarinsa ya buɗe kamar laima, layin baƙi da fari da shuɗi suna bin juna har ido ya kasa raba su. Ba wanda zai taɓa maƙwabcinsa ya ce wannan layi me yake nufi. Je ka kasuwar Bawku wajen dukawa, ka ga yadda ake yanka jar fata a ɗora a kan kore a jikin jaka ko kuben wuƙa. Matan Sirigu, can wajen Bolgatanga, da jar ƙasa da baƙa da fara suke yi wa bangon ɗaki ado, har baƙi suna tasowa daga ƙasashen waje don su gani. Ga lallen amarya. Ga allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar karatu, wanda ake yawo da shi gida-gida kowa yana sa albarka. Salagar nan da aka yi wa yaro dariya gari ne na malamai tun zamanin fataucin goro, a nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, kuma duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin hannu irin na malaman wancan zamani ya san adon da ake yi a gefen shafi. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi zabuwa ma'anar ɗigonta ba.

Kunne ma haka. Tsararrakina da yawa sun haddace waƙoƙin Indiya daga farko har ƙarshe ba su san ma'anar kalma ko ɗaya ba, kuma in ka ga yadda suke lumshe ido sai ka rantse iyayensu daga Bombay suka zo. To me ya sa wannan haƙuri da muke yi wa riga da bango da waƙa yake ƙarewa da zarar an rataya farin ƙyalle an kashe fitila?

Bari in fara da cewa abin da yaron nan ya yi ba sabon abu ba ne a duniya, kuma ba hauka ba ne. Sinima kanta ba da labari ta fara ba. A watan Disamba na 1895, lokacin da 'yan'uwan nan biyu Lumière suka fara nuna hoto mai motsi ga masu biyan kuɗi a birnin Paris na Faransa, abin da suka nuna guntaye ne da ba su kai minti ɗaya ba: ma'aikata suna fitowa daga masana'anta, iyaye suna ba jariri abinci. An ce abin da ya fi ba 'yan kallo mamaki a hoton jaririn shi ne ganyen itatuwa da iska take kaɗawa a bayansu. Labari daga baya ya shigo, ya kuma zauna saboda shi ne ya fi sayar da tikiti. Amma a kowane zamani ana samun waɗanda suka ƙi bin wannan hanya. Akwai wani mutum, Norman McLaren, da ya yi aiki a hukumar fina-finai ta ƙasar Kanada. A 1949 shi da abokiyar aikinsa Evelyn Lambart suka yi wani fim na kimanin minti takwas mai suna Begone Dull Care ba tare da sun ɗauki hoton komai ba. Zaren fim ɗin suka shimfiɗa suka riƙa shafa masa launi suna kankare shi da tsinke, yadda in an haska sai launuka su yi ta tsalle suna bin kiɗan makaɗin nan Oscar Peterson. In ka tuna cewa hoto ashirin da huɗu ne suke wucewa a kowace daƙiƙa, ka san aikin nan ɗan'uwan aikin riga ne, na mai haƙuri da ƙaramar allura.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Baraka, na Ron Fricke, wanda ya fito a 1992. An ɗauke shi a ƙasashe 24, ya haura sa'a ɗaya da rabi, ba mai magana ba mai sharhi, sai kiɗa da hotuna: masu ibada, duwatsu masu aman wuta, cunkoson birane, 'yan tsaki a kan injin kamfani, har da masu ɗawafi a Ka'aba. Sunan ma ɗan'uwan kalmarmu ce ta albarka. A 2011 suka sake yin wani mai suna Samsara, a ciki har akwai akwatunan gawa na Ankara, irin waɗanda ake sassaƙawa da siffar abin da mamaci ya so a duniya. Kuma kada wani ya zaci Turawa duka suna rububin irin waɗannan fina-finai. Can ma masu kallonsu kaɗan ne, can ma akwai mai tashi ya fita yana ƙunƙuni, alhali shi ne jiya ya biya kuɗi ya zauna sa'a biyu yana sauraron goge da sarewa ba waƙa a ciki. Ciwon ba namu ne mu kaɗai ba.

Sai dai mu muna da namu tarihin da ya ƙara masa nauyi. Ta yaya hoto mai motsi ya fara zuwa garuruwanmu na arewa? A bayan motar gwamnati ya zo. A 1939 Ingila ta kafa sashen yin fina-finai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora wani William Sellers a kai, wanda dā jami'in kiwon lafiya ne a Nijeriya. Tun lokacin yaƙin duniya na biyu motocin majigi suke zagaya ƙauyuka, bayan samun 'yancin kai a 1957 ma Sashen Watsa Labarai ya ci gaba da aika su. Dattawanmu sun tuna: mota ta iso da la'asar, a sanar da sarki, a kafa allo a fili, in duhu ya yi a tayar da inji. Kuma kullum akwai mutum riƙe da lasifika yana fassarawa da Dagbanci ko Hausa ko Kusasanci, yana gaya wa jama'a abin da suke gani da abin da ake so su ɗauka: a tafasa ruwa, a haƙa masai, a biya haraji, a kai yara allura. Fim ɗin Amenu's Child na 1950, wanda aka yi a ƙasar nan, a kan ciyar da yara yake. Ita kalmar majigi ma daga sunan wata fitilar Turawa aka samo ta, wadda ake haska hotuna da ita a bango. Wato tun ranar farko an koya mana cewa abin nan saƙo ne, akwai darasi a ƙarshensa, kuma akwai wanda zai gaya maka darasin.

Shi Sellers har ƙa'idoji ya shimfiɗa na yadda za a yi wa Baƙar fata fim: a tafi a hankali, kada a yi saurin sauya hoto, kada a yi dabarun kyamara, domin a ganinsa kanmu ba zai ɗauka ba. Akwai wani labari da ya yi yawo a littattafan Turawa a kan wannan, wanda Marshall McLuhan ya kawo a littafinsa The Gutenberg Galaxy na 1962, daga bakin wani John Wilson. An nuna wa mutanen wani ƙauye a Afirka fim a kan tsabta, wani mutum yana bin gida a hankali yana zubar da ruwan da ya kwanta a gwangwanaye saboda sauro. Da aka gama aka tambaye su me suka gani, sai suka ce sun ga kaza. Waɗanda suka yi fim ɗin ba su san da wata kaza a ciki ba, sai da suka koma suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya suka same ta, ta gifta ta kusurwar allo kamar na daƙiƙa guda. Turawa suka ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa ba mu iya kallo ba. Ni kuwa duk lokacin da na tuna labarin nan dariya nake yi. An tara mutane da daddare ana nuna musu abin da suka sani tun suna goye, kazar nan ita kaɗai ce ba a umurce ta ta shigo ba, kuma idonsu ya cafke abin da ya kuɓuce wa mai kyamara. Mutanen Paris da suka bar jariri suka bi ganye ba a ce ba su da hankali ba. In da gaskiya za a bi, wanda ya ga kazar nan shi ne ɗan kallon da ɗan ƙanwata yake nema.

Bayan motar gwamnati sai gidajen sinima, sai kuma zamanin bidiyo, lokacin da duk mai janareta da talabijin da benci shida ya zama mai gidan kallo. A can muka koyi rabon duniya gida biyu, akta da bos, kuma duk wanda ya riga ya ga fim ɗin shi ne tafinta, yana zaune a tsakiya yana cewa yanzu za a kashe uban, yanzu yaron zai girma ya rama. Da namu suka fara yi, hanyar nan suka bi, kuma ba laifi ba ne: Zinabu na William Akuffo a 1987 a nan Gana, Turmin Danya a Kano a 1990, har abin ya zama babbar kasuwa. A 2015 da Adom TV ta fara nuna wasan Indiya na Kumkum Bhagya da harshen Twi, mata har girki suke saukewa da wuri. Mu kuma ga fassarar Algaita daga Kano a kowace waya. Shekara tamanin ke nan da wani abu ana ba mu tuwo da miya iri ɗaya, sai yaro ya zo dare ɗaya ya ajiye mana wani abu a faranti, bai ko gaya mana da hannu ake ci ko da cokali ba.

Yanzu ga amsar Baba mai riga, bayan shayi. Ya ce, "Malam, abu biyu ka manta. Na farko, riga ba ta ɗaure ni. In na so in dube ta, in na so in dubi mai wucewa. Tana jikina ina ciniki, ina gaisawa, ina cin goro. Shi kuwa yaronku ya zaunar da ni a duhu, ya hana ni magana, ya ce nan kaɗai zan duba har sai ya sallame ni. Wanda ya karɓi lokacinka ai dole ya biya ka da wani abu. Na biyu, ko ba ka ga kyan aikin riga ba, ta rufe maka jiki, ta kuma gaya wa mutane ko kai wane ne. Wannan abin nasa me yake rufewa?"

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma na yarda rabinta gaskiya ne. Adonmu ba ya zama shi kaɗai, kullum a jikin wani abu mai amfani yake, riga ko bango ko allo ko hannun amarya. Kuma ba wofi yake ba kamar yadda na so in nuna masa: aska tana da suna, dagi yana da suna, mai sana'a ya san wanda ya dace da malami da wanda ya dace da basarake. Gangar Dagomba ma da baƙo yake ji kamar kiɗa kawai, magana take yi, makaɗan nan da ake kira lunsi kirarin sarakuna da tarihin Dagbon suke bugawa, ɗan gari yana ji yana gyaɗa kai. Akwai kuma abu na uku da Baba bai faɗa ba. Da zarar ka nuna wa Bahaushe hannun mutum, sai ya so ya san hannun wane ne, 'yar gidan wa ce, tana da aure ko babu. Layin batakari ba shi da dangi, amma hannu yana da su. McLaren ya tsira daga wannan tambaya saboda bai nuna mutum ba. Ɗan ƙanwata ya nuna rabin mutum ya ɓoye rabi, ya tayar da ƙishirwa bai ba da ruwa ba.

Inda na saɓa da Baba shi ne cewa ba ma iya zama mu kalli abin da ba labari. Ƙarya muke yi wa kanmu. Shiga ɗakin kowane dattijo mai tauraron ɗan'adam bayan magariba, sau da yawa tashar Makka za ka tarar, mutane suna ta kewaya Ɗaki, ba farko ba ƙarshe, kuma zai zauna sa'a guda yana kallo carbi a hannu, wani ma har ƙwalla. Kaset ɗin biki fa? Sa'a uku na mata suna shiga suna fita, ana liƙi, kyamara tana bin kwanukan abinci, kuma amarya da ƙawayenta za su kalle shi sau goma. Hoton Damba na bara har yau yana yawo a wayoyi, dawakai da bindigogi da ƙura kawai. A Bawku, inda dokar hana fitar dare ta sha raba mutane da zaman waje, kallo ya koma cikin ɗaki da tafin hannu, kuma ku tambayi 'ya'yanku abin da suke kallo a TikTok: wani yana yanka sabulu, wata tana zana lalle, wani yana juya tukunya a kan faifai. Ina akta a nan? Bambancin kawai shi ne ba wanda ya kira waɗannan da sunan fim, saboda haka ba wanda ya zauna yana jiran bos ya fito.

Wurin da aka nuna abu ma yana sauya shi. Akwai ɗan ƙasar nan, John Akomfrah, an haife shi a Ankara a 1957, ya tashi a Ingila. A 1986 shi da abokansa suka fitar da Handsworth Songs, a kan tarzomar da aka yi a wata unguwar baƙi ta Birmingham a 1985, suka harhaɗa tsofaffin hotuna da sauti ba tare da jera labari ba. A farkon 1987 wani shahararren marubuci ya caccake su a jaridar Guardian, yana ganin sun bar labaran mutanen unguwar ba su bayar ba, sai da masanin nan Stuart Hall ya fito ya kare su. Kun ga ke nan ko manyan masu ilmi sun yi tambayar da yaron gaban tabarma ya yi. Daga baya Akomfrah ya fi kai aikinsa ɗakunan baje kolin zane, inda mutum zai shiga ya fita lokacin da ya so. Vertigo Sea na 2015 allo uku ne a jere, teku da manyan kifaye da jiragen bayi da 'yan gudun hijira a kwale-kwale. A 2019 yana cikin waɗanda suka wakilci Gana a babban baje kolin Venice na ƙasar Italiya, a 2024 kuma Ingila ce ta tura shi ya wakilce ta. Ina tunanin ranar da za a kafa allunan nan uku a tsohuwar kasuwar bayi ta Salaga, a gaban iyayen da 'ya'yansu suka bi hamada zuwa Libiya ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ban yi zaton za a nemi tafinta ba.

Ba ma sai an je Turai ba. A Tamale, Ibrahim Mahama, wanda ya yi suna a duniya da ɗinka tsofaffin buhunan koko da gawayi yana lulluɓe manyan gine-gine da su, ya buɗe cibiyar zane ta SCCA a 2019, daga baya kuma ya buɗe Red Clay, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama yara 'yan makaranta suna shiga ciki. Mutanenmu suna zuwa, suna zagayawa, suna taɓawa, suna gardama, suna ɗaukar hoto. Ba a kashe musu fitila ba, ba a ce su yi shiru ba, saboda haka ba su ji an ci musu lokaci ba. Maganar Baba ce dai ta farko ta dawo.

Shi ma yaron ban ƙyale shi ba. Na ce masa laifinka biyu. Ka gayyaci mutane da sunan fim alhali ka san abin da kalmar take nufi a kunnensu, da ka tsaya minti biyu ka ce, iyayena, wannan ba labari ba ne, zayyana ce na yi wa garinmu da haske, ku kalla kamar yadda kuke kallon aikin riga, kuna iya magana, da ba a yi maka dariya ba. Sa'an nan akwai wurin da ka tsayar da kyamara a kan ƙyauren kwano kusan minti uku ba abin da ya motsa, ni kaina da nake kawunka sai da na duba agogo. Rashin labari ba ya mayar da kowane hoto abin kirki, kamar yadda ba kowane mai riƙe allura ne gwani ba, kuma na lura wasu 'yan makarantar nan suna fakewa da cewa mutane ba su waye ba alhali aikin ne bai nuna ba. Ya ce, "Kawu, malamanmu sun yaba da wurin ƙyauren nan." Na ce to ba malamanka ne suka soya ƙosai ba.

Kwana biyu bayan haka ana shirin wani biki a gidan, mata sun taru a tsakar gida da rana ana ƙunshi, sai ya ajiye kwamfutarsa a kan turmi ya kunna abin ya yi tafiyarsa, bai ce wa kowa ya kalla ba. Ina zaure ina jin su. Wata ta gane rijiyar, ta ce a nan kakarta take ɗibar ruwa. Da aka zo wurin goro sai gardama ta tashi a kan hannun wace ce, har wata ta gane zoben azurfa, ashe tsohuwar da ke zama a bakin tasha ce, wadda ta rasu da azumin bara. Aka yi salati, aka yi mata addu'a, aka ce a mayar da wurin baya. Sau uku suka mayar, kuma ƙanwata ce take danna madannin da gefen hannu saboda lallen bai bushe ba.

Har ya koma Ankara ba su daidaita da uwarsa ba. Ita ta ce ya sa murya a kai, ko da sunayen wurare da na mutane ne, don 'yan baya su san su wane ne. Shi ya ce in ya sa murya ya koma motar majigi. Wurin ƙyauren dai ya yarda zai rage shi zuwa rabin minti. Baba mai riga kuma ya aiko a gaya masa in ya dawo da babbar salla ya zo rumfa da kyamararsa, akwai wata malum-malum da zai fara, amma da sharaɗin a nuna fuskarsa.